Takarda uku, tafiya biyu: yadda ta kaya tsakanin wani dilan motoci na Kaduna da inshorar tafiya

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa dilan motoci ne a cikin garin Kaduna, ɗan shekara 57 a lokacin da abin ya soma. Za a riƙa kiransa Alhaji kawai.

Shekara da shekaru daga Kwatano yake saro mota. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017, sai ya koma tura kuɗi ga wani ɗan Nijar mazaunin Brussels, babban birnin Beljiyam. Shi ke saya masa a unguwar Heyvaert, inda dillalan Afirka ta Yamma ke hada-hadar tsofaffin motoci, a loda a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a sauke a Legas. Haka aka yi ta yi har zuwa Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwa. Daga nan kuɗin kowace mota ya yi tashin gwauron zabo, mota ɗaya ta iso da matsalar giya sai ta cinye ribar 'yan'uwanta. Alhaji ya yanke shawarar ya riƙa zuwa da kansa, ya ga kaya da idonsa kafin ya biya.

Abu biyu game da shi suna da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Yana da hawan jini tun shekara shida kafin nan, yana shan ƙwaya kowace safiya, kuma ciwon ya lafa har shi kansa ya daina lissafa shi cikin cututtuka. Sannan bai taɓa sayen inshorar tafiya da hannunsa ba. Kwatano babu mai tambaya, ta Umara kuwa a cikin kuɗin biza take zuwa. Dama can zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ce ta halatta, kuma wannan fahimta ita ya tashi yana ji. Da ya tambayi malaminsa, sai ya ce masa wadda hukuma ta tilasta ta shiga babin lalura. Alhaji ya ɗauki wannan amsa da ma'anar ya sayi mafi ƙanƙanta, ya miƙa, ya manta da ita.

Tilas ɗin kuwa a rubuce take. Sashe na 15 na dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ya ce mai neman bizar gajeren zama ta Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Beljiyam ke ciki, sai ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, mai aiki a dukkan ƙasashen Shengen, tsawon kwanakin da zai yi, wadda ta ɗauki jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, da mayar da mutum gida idan ciwo ko mutuwa ta kama.

Fabrairun 2024: takarda ta farko

Wani abokin sana'a ya haɗa shi da wani ejan mai ɗan ofis a cikin gari. Ejan ya karɓi kuɗi dunƙule, ya ce komai na ciki: cike fom, kama ɗakin otal, kama kujerar jirgi, da inshora. Bayan kwana uku ya kawo takardu cikin ambulan, har da shafi ɗaya mai tambarin wani kamfanin inshora da lamba da hatimi. Alhaji ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ya miƙa takardu a Abuja, aka ɗauki hoton yatsunsa, ya biya kuɗin biza, wanda a lokacin Yuro 80 ne.

Bayan kimanin sati uku fasfo ya dawo babu biza. Takardar ƙin ba da biza iri ɗaya ce a duk ƙasashen Shengen, jerin dalilai ne da akwati a gefen kowane. An sa alama a akwati ɗaya tak: ba a gabatar da shaidar ingantacciyar inshorar lafiya ba.

Babban ɗan Alhaji, wanda shi ke duba masa saƙonnin imel, ya rubuta wa kamfanin da sunansa ke jikin takardar. Amsa ta zo cewa ba su da wata yarjejeniya da wannan suna, lambar kuma ba ta cikin rajistarsu. Da aka tsare ejan, sai ya ce ai ya “kama” inshorar ne, yana jira biza ta fito sannan ya biya. Wannan magana ba ta da gindin zama. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ya ce babu inshora sai an biya kuɗinta, kuma hukumar NAICOM mai sa ido kan harkar ta tsaurara aiwatar da hakan tun Janairun 2013. Takardar da ba a biya ba takarda ce kurum.

An duba hanyar ɗaukaka ƙara, aka ga a can Beljiyam ake yinta cikin kwana 30, kuma babu hujjar da za a tsaya a kai. Aka bar ta. Kuɗin biza ba a mayarwa. Ejan ya dawo da rabin abin da ya karɓa bayan dattawan kasuwa sun shiga tsakani. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne an rubuta ƙin ba da bizar a rumbun bayanan biza na Shengen, inda yake zama shekara biyar, kowane ofishin jakadanci na yankin yana iya gani.

Yulin 2024: takarda ta biyu

Bayan babbar sallah suka sake nema, wannan karon ba ejan. Kuɗin biza ya koma Yuro 90 tun 11 ga Yuni. Ɗan ya duba jerin kamfanoni masu lasisi a shafin NAICOM, ya zaɓi ɗaya, ya shiga shafinsa ya ɗauki tsari mafi araha na kwana 14, daidai da tikiti. Ya biya ta banki zuwa asusun kamfanin, rasit ya zo, takardar shaida ta zo da lambar da ya kira ya tabbatar.

A wajen cike fom aka yi maganar da daga baya komai ya rataya a kanta.

“Baba, suna tambaya ko kana da wani ciwo da kake shan magani a kai.”

“Hawan jini shi ne ciwo? Wa ka gani a sa'annina da ba shi da shi? Sa musu babu. Kada ka rubuta abin da zai sa a sake hana ni.”

Aka sa babu. Tsoron nasa bai da tushe, domin shafin da ake kai wa ofishin jakadanci suna ne da lambar fasfo da kwanaki da yanki da adadin kuɗi, amsoshin lafiya suna wurin kamfani. Tare da wannan shafi an haɗo wani kundi mai shafi ashirin da wani abu, da Turancin lauyoyi, shi ne ainihin sharuɗɗan. Babu wanda ya buɗe shi. Biza ta fito.

Satumban 2024: kwana biyu a asibiti

Alhaji ya tafi da kwalin magani ɗaya da ya riga ya fara sha. Ya ƙare a rana ta shida. Ya shiga kantin magani a Brussels da kwalin a hannu, aka ce sai da takardar likita. Ya ce 'yan kwanaki ne suka rage, Allah ya kiyaye. Ya ci gaba da yawon gareji tun safe har yamma, abinci kuma na gidajen abinci mai gishiri.

A rana ta tara ya tashi da ciwon kai da jiri, zuwa azahar haɓo ya ɓalle. Mai masaukinsa ya kira 112, lambar gaggawa ta ƙasashen Tarayyar Turai. A sashen gaggawa awon jininsa ya nuna 210 bisa 120. Aka yi hoton kai, aka yi awon zuciya da na jini, aka kwantar da shi kwana biyu. Da ma'aikaciyar karɓar baƙi ta tambayi inshora, Alhaji ya ce takardar tana masauki, kuma a tunaninsa aikinta ya ƙare ranar da biza ta fito. Asibiti ta nemi kafin alƙalami na Yuro 1,000, aka cira daga kuɗin mota. Sauran lissafin ya biyo baya ta gidan waya zuwa adireshin mai masauki. Jimla Yuro 2,300, a lokacin da Yuro ɗaya ya haura naira 1,700, wato kimanin naira miliyan huɗu.

A ƙasan takardar shaidar akwai lambar waya ta masu agaji na kamfanin inshorar, mai aiki dare da rana. Ba a kira ta ba, ko a ranar, ko bayan an sallame shi. Ya dawo Kaduna a ranar da ke jikin tikitinsa, da mota uku maimakon huɗu.

Oktoba zuwa Disambar 2024: neman a biya

Ɗan ne ya tuna cewa an biya kuɗin inshora. Ya rubuta wa kamfanin sati biyu da dawowar mahaifinsa. Suka nemi rasit na asali, da rahoton likita, da hoton shafin fasfo mai hatimin shiga da fita, da katin shiga jirgi. Rahoton da Faransanci yake, suka ce a kawo shi da Turanci daga hannun mai fassara da aka amince da shi. Aka biya aka yi. Layin farko na rahoton ya ce majinyacin sananne ne da hawan jini, yana kan magani shekara shida, ya yanke shan maganin kwana uku kafin zuwansa.

A tsakiyar Nuwamba amsa ta zo: ba za a biya ba. Dalilai uku suka kawo, kowane da lambar sakin layinsa a kundin da ba a buɗe ba. Yarjejeniyar ba ta ɗauki ciwon da mutum yake da shi kafin ya saya ba, ko abin da ya samo asali daga gare shi. An sharɗanta a sanar da masu agaji cikin awa 48 da kwanciya asibiti. Kuma amsar da aka bayar a fom ta saɓa wa rahoton likita.

Alhaji ya je ofishin kamfanin na Kaduna da kansa. Aka karɓe shi da girmamawa, aka ba shi ruwa, aka ce masa Legas ke yanke hukunci. Wani lauya abokinsa ya rubuta wasiƙa yana cewa mutumin da aka ɗauka a motar asibiti ba ya cikin halin buga waya. Kamfanin ya amsa cewa ko an ajiye batun waya, sauran biyun na nan.

Saura kai koke NAICOM, wadda ke da sashen karɓar ƙorafin masu inshora. Kafin a yi haka wani ɗan'uwa ya haɗa su da wata dillaliyar inshora mai rajista. Ta karanta kundin da fom ɗin da rahoton a zama ɗaya.

“Alhaji, hanyar koke a buɗe take, haƙƙinka ne. Da batun waya ne kaɗai, da ni da kaina zan rubuta maka. Amma ga fom ya ce babu, ga likita ya ce shekara shida. Kai da kake sayar da mota, ka sayi wannan ba ka ɗaga bonet ba.”

Bai kai koken ba. A Disamba ya tura wa asibitin cikon Yuro 1,300, saboda wasiƙun tuni sun fara taruwa a gidan mai masaukinsa.

Janairun 2025: takarda ta uku

Tafiya ta gaba ta hannun dillaliyar aka shirya ta. Ta fara da tura shi wurin likitansa, ya karɓo wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, da sunayen magungunan na asali ba na kamfani ba, da awon jininsa na watannin baya, da shaidar cewa zai iya tafiya. Da wannan wasiƙa ta tuntuɓi kamfanoni huɗu, har da na takaful, wato inshorar taimakekeniya, tunda ya nuna ya fi son wannan hanya idan ta samu. Tambaya ɗaya ta yi musu: idan hawan jinin da aka bayyana ya tashi farat ɗaya a can, za ku biya? Biyu suka ce ba sa ɗaukar tsohon ciwo ko an bayyana shi. Ɗaya bai amsa ba. Ɗaya ya yarda.

Ba ta karɓi yardar ta baki ba. Ta sa sun rubuta ƙarin shafi a jikin yarjejeniyar, da sunan ciwon ƙarara: za a ɗauki jinyar gaggawa da ta taso daga gare shi har zuwa wani adadi da bai kai Yuro 30,000 na sauran cututtuka ba, ba za a ɗauki awon yau da kullum ko sayen ƙwayoyinsa ba. Kuɗin ya kusa ninka na bara sau uku. Alhaji ya yi ƙorafi, ya biya.

Ta duba wasu wurare biyu a kundin ta karanta masa da Hausa. Ɗaya ya ce idan an kira masu agaji, su za su biya asibiti kai tsaye, ba sai ya biya ya dawo yana bin bashi ba. Ɗaya ya ce Yuro 100 na farko na kowace jinya a kansa yake. Biza ta fito da kwana 21, inshorar ma kwana 21 aka saya, ko da yake tikitin dawowarsa na rana ta 14 ne. Lambar masu agaji da lambar yarjejeniya aka sa su a wayarsa, da ta ɗansa, da ta mai masauki, aka kuma rubuta a ɗan kati aka sa cikin fasfo. Magani na wata biyu ya shiga jakar hannu.

Fabrairun 2025: karaya

A rana ta 12, da sassafe, ya taka ƙanƙara a filin wani gareji, santsi ya kwashe shi, ya tokare da hannun hagu. Wuyan hannun ya karye. Mai masauki ya kira 112, yana cikin motar asibiti ya kira lambar da ke jikin katin. Aka ba shi lambar fayil. Kafin la'asar masu agaji sun tura wa asibitin takardar alƙawarin biya, babu wanda ya nemi kafin alƙalami. Washegari aka yi tiyata aka sa ƙarfe.

A rana ta biyu da kwanciyarsa likitan masu agaji ya aiko da tambaya. Rahoton asibiti ya lissafa magungunan hawan jini, don haka suna son sani: santsi ne ya kayar da shi, ko jiri? Dillaliyar ta tura musu ƙarin shafin da wasiƙar likitan Kaduna, asibiti kuma ta tura awon jininsa na lokacin da aka kawo shi. Ko wanne ne daga cikin biyun, yarjejeniyar ta ɗauka. Ba a sake tayar da maganar ba.

Likitan ƙashi ya ce ya jinkirta hawa jirgi, masu agaji suka mayar da tikitinsa rana ta 18 da kuɗinsu, cikin kwanakin biza da na inshora. Kwafin lissafin da ya gani daga baya ya haura Yuro 5,000. Abin da ya fita daga aljihunsa Yuro 100 ne. Ya iso Kaduna 'yan kwanaki kafin azumi.

Abin da lamarin ya nuna

Takarda ta farko ba ta buƙatar dogon nazari. Kira ɗaya zuwa kamfanin kafin a tafi Abuja ya isa ya tona ta, kuma duk wanda ya biya ejan dunƙule bai ga rasit daga asusun kamfani ba yana cikin irin wannan hatsari.

Ta biyu ce ke da wuyar hukunci. Da sauƙi a ce ƙaryar da aka yi a fom ita ta jawo asarar Yuro 2,300, amma ba haka ba ne kai tsaye. Ko da an rubuta gaskiya, tsari mafi araha ba ya ɗaukar tsohon ciwo, kuma kamfani biyu cikin huɗu sun faɗi haka ƙarara da aka tambaye su. Abin da gaskiyar za ta yi masa shi ne ta sa a gaya masa tun yana Kaduna cewa hawan jininsa ba ya ciki, ya san ko zai ƙara kuɗi ko zai tafi da sanin cewa wannan ɓangaren a kansa yake. Mutumin da ya san haka da wuya ya tafi da rabin kwalin magani. A ganina asarar ta fi kusa da kwalin nan fiye da fom.

A tafiya ta biyu kuma, karaya daga santsi abu ne da tsari mai araha ma yake ɗauka. Wani zai ce ƙarin kuɗin ya tafi a banza, tunda hawan jini bai tashi ba. Tambayar likitan masu agaji ta rushe wannan. Da fom ɗin bara ne a gabansu, mai cewa babu ciwo, ga rahoto yana lissafa ƙwayoyin hawan jini, ga dattijo ya faɗi da sassafe babu wanda zai rantse kan dalilin faɗuwar, da sun sami ƙofar da za su ja fayil ɗin watanni ko su rufe shi. Kiran wayar shi ya sa bai taɓa kuɗin mota ba, ƙarin shafin shi ya sa alƙawarin biyan bai warware ba.

Kamfanonin ma ba su fita fes ba. Ana sayar da wannan inshora cikin minti biyar a waya, sharaɗin da ya fi shafar ɗan shekara hamsin da wani abu yana binne a tsakiyar kundin Turanci, ofishin da ke kusa da mai saye kuma ba shi da ta cewa idan rigima ta taso. Doka tana bayansu, amma mai sayarwa da ya san yawancin masu sayensa biza kawai suke nema, kuma ya yi shiru, ya san abin da yake yi.

Ko takarda ta uku tana da iyaka. Yuro 30,000 mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne, kuma da abin ya kai ga ɗauko shi a jirgin majinyata daga Turai zuwa Nijeriya, wannan kaɗai yana iya cinye adadin. Inshorar kuma ta ƙare ranar da ya sauka. Cire zare, da hotunan ƙashi, da gashin ƙashi na sati shida duk a Kaduna aka yi su da kuɗinsa, kuma idan likita ya ce a cire ƙarfen nan gaba, wannan tiyatar ma shi zai biya.